RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI: AMFANIN GINA MANHAJA A BAINAR JAMA'A

Jawabin da aka gabatar a zaman yamma na babban taron shekara-shekara na ƙungiyarmu





Gabatarwa

Ina miƙa godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni damar tsayawa a gabanku, alhali a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka koya mini karatu, akwai kuma waɗanda suka goya ni. Idan na yi kure a cikin abin da zan faɗa, gyaran yana hannunku.

Duk wanda ya halarci zaman safe ya san dalilin wannan jawabi. Matasanmu sun kawo ƙuduri cewa ƙungiya ta ware kuɗi daga asusunta domin a gina manhajar wayar salula, wadda za ta riƙe rajistar 'yan ƙungiya da kuɗin wata-wata, ta kuma riƙa isar da bayanai ga manomanmu na rani da ke gefen madatsar ruwa ta Watari. Dattawa sun yi jim, kuma suna da hujja, domin kuɗin nan gumin mutane ne: gumin ɗan dako a kasuwar Singa, da malamin makaranta a Bichi, da direban da ke kwana a hanyar Legas. Ni ina goyon bayan ƙudurin, amma bisa sharaɗi guda, wato a yi aikin a bainar jama'a tun daga ranar da za a fara har ranar da za a ƙaddamar. Zan bayyana abin da nake nufi da haka, in kawo misalin waɗanda suka bi wannan hanya a Kano, sannan in ba ku labarin asarar da ni kaina na tafka lokacin da na ƙi bin ta.

Me ake nufi da gini a bainar jama'a?

Kowace manhaja tana da asalin rubutu, wato jerin umarnin da masu ginin suka rubuta wa na'ura, kamar yadda kowane soro yake da tubali da azara a ƙarƙashin yaɓe. Hanya biyu ake bi wajen wannan gini. Ta farko, magina su kulle ƙofa, su yi ta aiki wata da watanni babu mai leƙawa, sai ranar biki a yaye labule a tafa. Ta biyu, su bar ƙofa a buɗe: su faɗi abin da suke son ginawa, su nuna shi tun yana ɗanye ga waɗanda za su yi amfani da shi, su bayyana abin da suka kashe da kurakuran da suka yi, idan hali ya yi ma su saki asalin rubutun domin kowa ya duba ya gyara.

Mu mutanen karkara ba baƙi ba ne ga hanya ta biyu. Ba a taɓa gina rumbu a cikin ɗaki ba. A tsakar gida ake ɗora shi a hankali, kowace rana a ƙara kaɗan a bari ya sha iska, kuma duk dattijon da ya gifta zai iya cewa wancan gefen ya karkace, a gyara tun ƙasa ba ta bushe ba. Haka kuma gayya: a idon kowa ake noman, kuyyar da aka tsallake ba ta ɓuya.

Duniyar kwamfuta ma da wannan hanya ta yi wasu manyan ayyukanta. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta, tun aikin yana jariri, ya nemi mutane su faɗa masa abin da suke so a sa da abin da ba su so. Wannan aiki shi ya zama Linux, kuma a kansa aka ɗora Android, wadda ke tafiyar da yawancin manyan wayoyin da ke aljifanku a yanzu. A farkon 2008 kuma, lokacin rikicin da ya biyo bayan zaɓen Kenya, wasu matasa, cikinsu har da Ory Okolloh da Juliana Rotich, suka haɗa wata manhaja cikin 'yan kwanaki domin jama'a su riƙa aiko rahoton inda ake tashin hankali. Suka kira ta Ushahidi, kalmar Swahili da ke nufin shaida. Da yake sun bar asalin rubutunta a buɗe, wasu suka ɗauka suka yi aikin ceto da ita a girgizar ƙasar Haiti ta 2010.

Misali daga Kano

Kada wani ya ce wannan al'adar mutanen nesa ce. Waɗanda suka yi aikin ofis a cikinku kafin 2000 za su tuna wahalar da muka sha da baƙaƙen nan uku masu ƙugiya, wato ƙ da ɗ da ɓ. Tafireta ba ta da su, kwamfutocin farko ma haka, sai an buga takarda sannan a bi ta da biro ana lanƙwasa kawunan haruffa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zana wa kwamfuta haruffan Hausa, waɗanda aka fi sani da suna Rabi'at, kuma suka bazu a hannun marubuta da masu ɗab'i. Da an kulle su a akwatin mutum ɗaya, da littattafai da yawa sun ci gaba da fitowa ba a bambanta ƙafa da kafa.

Misalin da ya fi kusa da maganarmu ya zo a 2022. Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, tare da abokan aikinsa na gida da na waje, sun fitar da wani aiki mai suna NaijaSenti. Manufarsu ita ce a koya wa kwamfuta ta gane ko maganar da mutum ya rubuta ta yabo ce, ko ta suka, ko kuwa tsaka-tsaki. Turanci ya daɗe da samun irin wannan gata, amma harsunanmu ba su da tarin misalan da na'ura za ta koya daga gare su. Sai suka tattara gajerun saƙonni daga dandalin da a lokacin ake kira Twitter, kimanin dubu 30 a kowane harshe cikin Hausa da Yarbanci da Ibo, da kuma wasu da ba su kai haka ba cikin Turancin buroka na Nijeriya. Suka ɗauki masu jin harsunan, kowane saƙo mutum uku suka karanta shi suka yanke masa hukunci, aka ɗauki ra'ayin da ya yi rinjaye.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne abin da suka yi bayan nan. Sun saki tarin saƙonnin kyauta a intanet, tare da ƙa'idojin da masu tantancewa suka bi. Sun kuma rubuta wuraren da aikin ya ba su wuya ba tare da kwana-kwana ba: yadda dandalin bai tanadi hanyar gane harsunanmu ba har sai da suka yi dabara da kalmomin da suka fi yawo a kowane harshe, da yadda matasa ke cakuɗa harshen gida da Turanci a jimla guda. Saboda sun bayyana hanyar da suka bi, waɗanda suka biyo baya ba su fara daga tushe ba. A 2023 aka faɗaɗa aikin ya zama AfriSenti, wanda ya ƙunshi harsunan Afirka 14, har aka yi gasar duniya a kansa. Da yawa daga cikin masu wannan aiki 'yan wata ƙungiya ce ta masu bincike ta Afirka mai suna Masakhane, wadda aka kafa a 2019. Ma'anar sunan da harshen Zulu ita ce mu gina tare, abin da kakanninmu suka kira gayya.

Abin da ya same ni

Yanzu bari in juyo kaina, domin ba ya kyautu in tona aikin wasu in rufe nawa. Kowa a nan ya tuna 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatir a Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa. A shekarar kwando ya yi tsadar da ba a saba gani ba, alhali a wasu shekarun, idan kaya suka yi yawa a tsakiyar rani, manomi kan rasa ko kuɗin mota. Ganin yadda yayana yake sayar da amfanin lambunsa a makance, bai san yadda kasuwar 'Yankaba ta kwana ba balle Mile 12 ta Legas, sai ni da wasu abokaina biyu muka ƙudurta gina manhajar da za ta riƙa nuna wa manomi farashin kasuwanni kowace safiya.

Muka yi alkawari a tsakaninmu cewa babu wanda zai ji, kada a sace mana dabara, kada kuma baki ya kama aikin. Kusan shekara muka yi muna aiki da dare a birni bayan mun taso daga ofis. Ko yayan nawa, wanda dominsa aka fara, bai sani ba. Da muka gama muka kama zaure a Kano, muka gayyaci abokan aiki, aka yi jawabai aka sha lemo aka ɗauki hotuna. Babu manomi ko ɗaya a wurin.

Ranar da na kawo ta gida, kafin la'asar na gane cewa mun gina rumbu babu ƙofa. Mun rubuta farashi da kilo, alhali da kwando ake ciniki, kuma kwandon ma ba ɗaya ba ne, sannan kuɗin UTC mai tauri da ke jure tafiya daban yake da na mai ruwa. Mun rubuta komai da boko, alhali dattawa da yawa sun fi sakewa da ajami, mafi yawa kuma sun fi son a faɗa musu da baki kamar yadda suka saba da rediyo. Mun yi ta don babbar waya mai cin data, alhali ƙaramar waya mai tocila ce a aljihun mafi yawan masu lambu, ita ce ke kwana biyu ba a kai ta caji ba. Babban kuskuren kuwa wani kawuna ne ya nuna mini shi cikin raha. Ya tambaye ni ko na san wanda ya ba shi bashin taki da na man injin ban-ruwa a farkon shuka. Dillalinsa ne. To, ko da ya ji cewa wata kasuwa ta fi tsada, ba zai tsallake mutumin da ya tsaya masa ba, sai dai sanin farashin ya ƙarfafa masa baki wajen ciniki. Duk waɗannan abubuwa, da mun tambaya a makon farko, da a zama ɗaya za a gaya mana kyauta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada a ɗauka manomanmu ne suke gudun sabon abu. Su ne suka karɓi saƙon taki ta waya a 2012, lokacin da Dakta Akinwumi Adesina yake ministan gona, aka riƙa sanar da manomi ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Su ne kuma suka koyi tura kuɗi ta waya da hulɗa da masu POS a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Abin da ya dace da bukatarsu ba ya yi musu wuyar koyo. Laifin namu ne.

Bayan mun gama jinyar kunya muka sake farawa, wannan karo da ƙofa a buɗe. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan zauna da masu lambu in nuna musu inda aka kwana, su kuma su yi ta suka. Muka yar da yawancin abin da muka gina, muka koma ga gajeren saƙon murya da Hausa, wanda masu babbar waya ke karɓa ta WhatsApp su kunna wa maƙwabta a bakin lambu. Kowane ƙarshen wata muna karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin katin waya. A irin wannan zama ne iyayenmu mata suka aiko cewa an manta da su, domin masu turara shinkafa da masu ƙuli-ƙuli su ma suna son jin farashin shanshera da na gyaɗa a Dawanau.

Ba a rasa tuntuɓe ba. Wata rana muka aika farashin jiya a matsayin na yau, wani bawan Allah ya ɗauki hayar mota ya kai kayansa birni, ya tarar kasuwa ta faɗi. A zaman Juma'ar da ta biyo baya na tashi na faɗi abin da ya faru da bakina, na ba shi haƙuri a gaban jama'a, muka haɗa masa abin da ya sauwaƙa. Daga ranar muka sa doka cewa kowane farashi sai an faɗi lokacin da aka ji shi da kasuwar da aka ji shi. Na yi zaton wannan magana za ta kashe aikin. Sai ga shi bayanta ne wasu da suka daɗe suna kallonmu daga nesa suka ce a sa lambobinsu, har wani dillali ya ce shi zai riƙa kiranmu da asuba yana ba mu farashi. Aikin bai mai da kowa attajiri ba, amma ana amfani da shi, abin da na farko bai taɓa samu ba.

Uzurin da ake kawowa

Na san abin da ke ran wasunku, domin ya taɓa zama a raina. Na farko shi ne tsoron kambun baka. An raine mu a kan cewa ba a bayyana ciki sai ya fito, ba a shelar tafiya sai an dawo. Wannan tarbiyya tana da muhallinta a sha'anin gida da na neman aure da na kasuwancin mutum shi kaɗai. Amma aikin da za a yi da kuɗin jama'a, domin jama'a, hukuncinsa daban ne. Ƙungiyoyi nawa muka gani sun watse a ƙasar nan saboda zargi a kan kuɗin rijiya ko na ajin makaranta, alhali wani lokaci babu wanda ya ci ko kwabo, rashin bayani ne kawai ya haifi zato?

Na biyu shi ne tsoron sata. Abin da na koya shi ne dabara ita ce mafi arha a cikin wannan sana'a. Tunanin sanar da manomi farashi ya zo wa mutane da yawa kafin ni. Abin da ke da wuya shi ne tashi da asuba kullum, da samun amincewar mai lambu, kuma waɗannan ba a sace su. Idan ma 'yan uwanmu na Tomas ko na Kadawa suka ɗauki aikinmu suka kyautata shi, mu ma sai mu ɗauko gyaran.

Na uku ita ce kunya, kuma ita ce ta gaskiya. Ɗan boko ba ya son a ga aikinsa da gyambo, musamman a garinsu, inda ake ganin ya san komai. Amma gara a yi maka dariya a wata na farko, lokacin da gyara bai wuce canza layi biyu ba, da a yi maka shiru a ranar ƙarshe bayan kuɗi sun ƙare.

Sai dai buɗe ƙofa yana da iyaka, kuma wajibi ne in faɗe ta. Hanyar aiki da lissafin kuɗi da kurakurai su ne na bainar jama'a. Sunayen mutane da lambobin wayarsu, da wanda ya biya kuɗin wata da wanda ya gaza, da hotunan iyali, waɗannan amana ce. Su ma masu NaijaSenti hukuncin magana suke nema, ba tona asirin mai maganar ba. Ga shi kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane, wadda ta ɗora nauyi a kan duk wanda ya tara irin waɗannan bayanai, kuma ƙungiya ba ta fita daga ciki ba.

Shawara ga ƙungiya

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon wannan taro ya amince da ƙudurin matasa tare da waɗannan sharuɗɗa:

1. Kafin a rubuta layi ɗaya, masu aikin su zo gida su zauna da manoma da mata masu sana'a da dillalai, su rubuto abin da suka ji, a karanta shi a kowane reshe.

2. A saki kuɗin kashi-kashi. Kada a ba da kashi na gaba sai an nuna abin da na baya ya haifar, a kan wayar mutumin ƙauye, a inda sabis yake da rauni.

3. A riƙa ba da rahoto kowane wata da Hausa, a rubuce da kuma cikin murya, mai ɗauke da abin da aka yi, da abin da ya gagara, da abin da aka kashe.

4. Asalin rubutun manhajar da makullanta su zama mallakar ƙungiya, a hannun amintattu fiye da ɗaya, domin kada tafiyar yaro ɗaya karatu ko neman aiki ta tafi da dukiyar jama'a.

5. A yi bikin ƙaddamarwa a nan gida, bayan an yi rani guda ana gwaji, kuma manomi ya fara danna ta kafin babban baƙo.

Ku kuma 'yan uwa mazauna birane, aikinku bai tsaya ga ba da kuɗi ba. A cikinku akwai akanta da zai duba lissafi, da lauya da zai duba maganar bayanan mutane, da malamin Hausa da zai gyara lafazi, da ɗan kasuwar da ya san bakin ciniki a 'Yankaba da Dawanau. Idan rahoton wata ya iso wayarku, ku saurare shi, ku yi tambaya, ku yi gyara cikin mutunci, domin yaron da aka kunyata sau ɗaya a gaban jama'a ba zai sake kawo kuskurensa ba.

Kammalawa

Ranka ya daɗe, iyayena da 'yan uwana, madatsar Watari da aka kammala a 1980 ta sauya rayuwar wannan yanki domin ruwanta a buɗaɗɗiyar hanya yake bi, kowa yana ganin inda ya toshe, a taru a yashe. Irin wannan tafiya nake roƙon mu yi wa aikin da ke gabanmu. Na yi asarar shekara guda da kuɗin aljihuna kafin in fahimci haka, kuma ba na son ƙungiya ta biya kuɗin wannan darasi karo na biyu.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka da rani mai kasuwa, ya mai da kowa gidansa lafiya.